Likkafanin Ɗan Magini

Ni tela ne. Tun kafin a yanko Zamfara daga jikin Sakkwato kekena yake ƙara a wani ɗan shago a bakin hanyar tashar jirgi, a Kaura Namoda, kuma da wuya ka sami namijin da ya tashi a unguwarmu ban taɓa ɗora masa tef a kafaɗa ba. Na san masu tumbin da suke riƙe numfashi idan zan auna su, na san iyayen da suke cewa a ƙara tsawon wando don yaro zai girma, alhali yaron ya riga ya fara gemu. Mutane suna cewa ina da saurin fushi. Suna da gaskiya, kuma ba na jin zan sake hali yanzu da furfura ta gama cinye mini kai.

Shekarar da aka ce shari'a ta zo, ban taɓa ganin aiki irin nata ba. Hijabi kawai nake ɗinkawa, har sai da ƙafata ta kumbura don taka keke. Ranar ƙaddamarwa muka cika bayan wata a-kori-kura muka nufi Gusau, muna kabbara tun daga Kaura har muryoyinmu suka dushe. A hanyar dawowa hira ɗaya ce a bakin kowa, ɓarawo ya shiga uku. Maƙwabcina mai shayi ya rantse cewa daga ranar ya daina ɗaure kayansa da sarƙa. Ba a jima ba aka ɗauke masa benci, kuma har yau idan ina son in tsokane shi sai in tambaye shi ko bencin ya dawo daga aikin hajji. A tunaninmu na lokacin shari'a bulala ce da wuƙa, kuma kowannenmu ya tabbata a bayan wani za ta sauka. A cikin motar nan ban ji mutum ɗaya ya ce shi ma akwai abin da za ta ɗora masa ba.

Alhali kuwa akwai abin da muke yi tun kakanni wanda ba wanda yake kiransa shari'a, saboda babu ɗan sanda a cikinsa, wato jana'iza. A unguwarmu kowa ya san aikinsa. Idan aka yi rasuwa sai a auna gawa da karan dawa, a kawo mini karan tare da alawayyo. Ni nake yankawa, sannan maza su zauna a tabarma a ƙofar gidan mamaci a ɗinka da hannu, da zaren da aka zaro daga jikin ƙyallen, kuma ba a yin ƙulli. Ba a taka keke a kan likkafani, ba a kuma biyan kowa. Haƙa kuwa aikin wani dattijo ne da gidansa yake bayan shagona, dogo mai shiru-shiru, wanda duk unguwa take kira Baba Magini saboda sana'arsa. Ko an kira shi ko ba a kira shi ba, za ka tarar da shi a maƙabarta da digarsa kafin mata su gama kukan farko.

Ɗansa na fari a gabana ya tashi. Ni na ɗinka masa rigar sallarsa ta farko, ni na ɗinka masa kayan makaranta. Da ya zama saurayi sai ya kama kabu-kabu, yana ɗaukar mutane a babur zuwa Kurya Madaro da Sakajiki, ya san kowace ɓarauniyar hanya a dajin nan. Sannan daji ya lalace. Masu magana a rediyo suna ta cewa baƙi ne suka shigo mana daga wasu ƙasashe. Wataƙila akwai su. Ni dai waɗanda na sani, na san iyayensu. Akwai 'ya'yan Fulanin da aka kore wa shanu, akwai kuma namu na cikin gari da suka fara da kai burodi da fetur, suka ƙare da bindiga a kafaɗa. Ɗan Magini a cikin na biyun ya faɗa. Uban ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya haɗa shi da manya, duk a banza. Daga baya aka daina ganinsa a gari, sai mutanen Sakajiki da suka gudo suka ce sun gan shi cikin maharan da suka shiga garinsu, ko fuska bai rufe ba. Ranar da maganar ta tabbata, Baba Magini ya miƙe a masallaci bayan la'asar ya ce a shaida babu hannunsa a cikin abin da ɗansa yake yi. Ya faɗa ya zauna, bai ƙara tayar da maganar ba.

Ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, fataucin hatsi yake yi zuwa kasuwar Shinkafi. Wata Alhamis aka tare motarsu a hanya aka buɗe musu wuta. Da yamma aka kawo mana shi a kan buhunan da ya tafi da su. Ni na yanka likkafaninsa da hannuna, Baba Magini kuma ya haƙa kabarinsa, kansa a sunkuye tun daga farko har aka watse. Ba wanda ya ce ɗansa yana cikin waɗanda suka tare hanyar, ba kuma wanda ya ce ba ya ciki. Innarmu, wadda a lokacin tsufa ya riga ya zaunar da ita, ba ta yi kururuwa ba. Ta dai daina ambaton gidan Magini, ko da a cikin kwatance.

Da damina ta zagayo, gero ya yi tsawon da zai ɓoye mutum a tsaye, wani hantsi ina cikin ɗinki na ji rugugin babura sun shigo lungunmu. 'Yan sa-kai ne, samarin da suka ɗauki bindigogin gida suna tsare ƙauyuka. Sun yi arangama da 'yan bindiga a wajen gari, sun kuma gane ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi. Suka jefar da shi a ƙofar gidan ubansa, Baba Magini. Shugabansu ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce duk wanda ya taɓa gawar nan infoma ne. A shekarun nan babu kalmar da ta fi wannan haɗari. Idan aka ce kai infoma ne, wato kana kai wa 'yan daji rahoto, to ba a jiran alƙali.

Na leƙa na gani. Jama'a sun yi da'ira daga nesa, ƙudaje sun fara sauka, ana jin kukan mata daga cikin gida. Na koma na zauna a kekena. Raina bai ɓaci ba ko kaɗan, abin da na ji a ƙirjina ya fi kama da sanyin ruwa bayan doguwar tafiya. Na ci gaba da taka keke da ƙarfi don kada in ji kukan.

Can sai inuwa ta tare mini haske. Na ɗaga kai, Baba Magini ne, karan dawa a hannu ɗaya, alawayyo a naɗe a hammata. Shi kaɗai ya ja ɗansa zuwa cikin zaure, ga jini duk a gaban rigarsa.

"Salamu alaikum, Tela. Na zaka da aiki."

Ban amsa sallamar da daɗi ba. Na ce, "Baba Magini, ka san ko ƙohwar wa kat tsaya?"

"Na sani. Ni na haƙa kushewar ƙanenka." Sannan ya ce, "Ban zaka don ka yahe mai ba. Ni ma ban yahe mai ba. Amma ɗana na, ni na haihe shi, kuma ba ni iya barin karnuka su ci shi ina kallo."

Abin da tsohon nan yake nema ke nan, ba wani abu ba: a wanke ɗansa, a suturta shi, a sallace shi, a rufe shi cikin Musulmi, kamar yadda shi ya yi wa 'ya'yan kowa. Na kalli alawayyon, na ji zuciyata tana tafasa. Na ce masa ni ba malami ba ne, mu je wurin liman, abin da ya yanke shi ke nan. Na faɗi haka ne don na tabbata liman zai hana, in dawo shagona da hujja a hannu.

Muka tafi, rabin unguwa a bayanmu, har da 'yan sa-kai. Limaminmu tsoho ne mai ƙaramin jiki, shi ma ya bar gonarsa ta wajen Ɗan Isa ba noma saboda 'yan daji, don haka ba wanda zai ce bai san zafin abin ba. Muka tarar da shi a zaurensa. Kafin Magini ya buɗe baki shugaban 'yan sa-kai ya riga shi. Saurayi ne da aka kashe wa uba a gona, kuma ban taɓa ganin laifinsa don ya yi fushi ba.

Ya ce, "Malam, jihar shari'a mu ke. Wanga kahiri na. A ja shi a yada daji."

Liman ya dube shi ya ce, "Wa yaj ji ya hita Musulunci da bakinai?"

Ya bi fuskokinsu da kallo, sannan ya ci gaba.

"Na ji ya yi hwashi, na ji ya yi kisa. Da an kamo shi da rai anka kai shi gaban alƙali, shaidu sunka tabbata, hukuncinai mai tsanani na ƙwarai, kuma ni ba ni roƙa mai sassauci. Amma ya mutu. Ya hita hannun alƙali, ya hita hannunku."

Baba Magini ya matso ya ce, "To Malam, za ka sallace shi?"

"A'a. Ni ba ni yi mai salla."

Tsohon ya zauna a ƙasa daɓas, karan ya faɗi gefe. Jama'a suka fara guna-gunin jin daɗi, wasu har sun juya za su tafi. Liman ya ɗaga hannu.

"Ban ƙare ba. Liman da manyan gari su ka janye jiki ga irin wanga, don na baya su gani su ji tsoro. Haka ab bisa ƙa'ida. Amma wanka da sutura da salla, dole na a samu masu yi. In wasu sunka yi, an ɗauke ma kowa. In anka rasa, laihin yana bisa kan garin ga duka, har wadda ke ƙuryar ɗaki ba ta san abin da a ka yi ba. In kuma kowa yaƙ ƙiya, to ya dawo kaina, ni za ni yi ko ni ɗai."

Saurayin ya harzuƙa ya ce, "Ashe shari'ar ta ɓarayi ta?"

Liman bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, ba taka ta ba, ba tawa ta ba. Ba mu munka yi ta ba. Ran da tay yi muna daɗi mun yi kabbara. Yau ba ta yi muna daɗi ba, kuma ita ɗai ta."

Wallahi na ji haushin liman a wannan lokaci fiye da yadda na ji haushin kowa. Na zo ya ɗauke mini kaya, sai ya ɗora mini. Na dubi fuskokin da ke zauren da na waje, kowa yana kallon yatsun ƙafarsa. Ba mugunta ce ta hana yawancinsu ba, tsoro ne, don kowa yana da iyali kuma kowa ya ji abin da aka ce game da infoma. Nan na gane cewa a duk taron nan mutum ɗaya ne ba za a iya liƙa wa wannan suna ba, wanda ciyawa ba ta gama rufe kabarin ƙanensa ba. Na duƙa na zare alawayyon daga hammatar Magini. Na juya wurin 'yan sa-kai na ce duk wanda yake ganin ni infoma ne ya zo shagona ya faɗa mini a ido, ya san hanya, ni na ɗinka masa wandon da yake sanye da shi. Ba wanda ya yi dariya, amma ba wanda ya tare ni.

Mai shayi ne kaɗai ya biyo mu, yana tafe yana cewa shi fa tsautsayi ne ya sa ya zama maƙwabcina. Shi ya riƙa zuba ruwa, uban ya wanke ɗansa a bayan labulen tabarma. Da suka gama, Magini ya saɓi digarsa ya tafi maƙabarta shi kaɗai. Ni kuma na shimfiɗa alawayyo a ƙofar gidan. Ban ko dubi karan ba, na san faɗin kafaɗar yaron nan tun yana tsaye a kan benci ana riƙe da shi. Sai dai daji ya cinye shi, ya rame har ƙyallen ya yi masa yawa. Na zauna ni kaɗai a tabarmar da aka saba cika ta da maza, na zaro zare na fara ɗinki. Mutane suna wucewa ta ɗaya gefen lungun, suna satar kallona. Ban yi masa addu'a ba ina ɗinkin, zuciyata ba ta ba ni ba. Amma ban rage masa ko taki ɗaya ba, na yi masa irin wanda na yi wa ƙanena.

Makara a masallaci take. Da na je ɗauko ta, ladan ya juya baya yana gyara butoci, ya bar ƙofar a buɗe. Bayan azahar Magini ya dawo, ƙasa har gwiwa. Ba mu yi tunanin yin salla a ƙofar gida ba, don mun san ba mai fitowa, muka ce a yi ta a filin da ke bakin maƙabarta. Makara kusurwa huɗu gare ta, mu kuwa mu uku ne. Uban ya shiga gaba ya riƙe hannuwa biyu, ni da mai shayi muka ɗauki baya. Haka muka bi lungun, tana karkacewa, muna tsayawa muna gyarawa. Ƙofofin da na sani tun ina yaro duk a rufe suke. 'Yan sa-kai suna zaune a kan baburansu a bakin lungu, suka bi mu da ido har muka wuce.

Hanyar maƙabarta ta bi ta bakin tashar da motocin Zurmi da na Shinkafi suke lodi. Mutumin ƙasarmu kuwa ba ya ganin makara ya tsaya tambayar ta wa ce. Yana hango ta zai ajiye abin da ke hannunsa ya rugo ya sa kafaɗa, ya yi 'yan taku da ita, wani ya karɓe shi. Da haka aka tashe mu, jiki ne yake yi tun kafin kai ya yi tunani. Muna fitowa titi wani direba ya bar motarsa a buɗe ya zo ya karɓi gefen Magini. Mai sayar da albasa ya tsallake tirensa. Wani dattijon Bafillace ya miƙa wa na kusa da shi sandarsa ya shigo. Fasinjojin da suke jiran mota ta cika suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Ganin mutum uku da makara ya ma ƙara musu tausayi, na ji wani yana cewa Allah sarki, baƙo ne ya rasu ba dangi. Kafin in ankara kafaɗata ba komai a kanta, ina tafe a cikin jama'a hannu na lilo.

Mai shayi ya matso kunnena ya ce, "Tela, don Allah kak ka ce komi."

Na ce masa ni ma ba wawa ba ne.

Muka isa filin da taro irin wanda ake yi wa mai gari. Aka ajiye makara, mutane suka fara jera sahu, masu neman ruwan alwala suna nema. Na ji daɗi har cikin raina, na ce Allah ya rufa wa tsohon nan asiri ta inda bai zata ba. Can nesa a gindin wata bishiyar bedi na hango liman a tsaye da sandarsa. Ya biyo mu a baya don ya ga ko za a yi, amma bai matso ba.

Sai Baba Magini ya fita gaba ya juyo ya fuskanci mutane.

"Jama'a, ku dakata. Kun ɗauko da zuciya guda, ba ni cin amanarku. Wanga da ke kwance ɗana na. Ɗan bindiga na, cikin 'yan daji anka kashe shi yau da sahe. Wanda duk yaj ji ba ya iyawa, shi tahi, babu komi tsakaninmu."

Da ina da abin jifa a hannu da na jefe shi. Abu ya zo hannu, ga sahu ya cika, sai ya buɗe baki. Wani mutumin wajen Zurmi, wanda ya fi kowa daɗewa da makarar a wuya, ya dubi kafaɗarsa ya kakkaɓe ta da ƙarfi. Ya ce sun ƙone musu rumbuna, sun kashe wansa a gaban 'ya'yansa. Ya tofar da yawu ya juya. Wasu suka bi shi, sannan wasu, har sahu ya zama gibi-gibi. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba, liman ma ai ya ce ba kowa aka ɗora wa ba. Daga baya na fahimci Magini. Mutumin da ya rufe gawar rabin gari ba zai yarda ya sato wa ɗansa salla ba.

Da ƙura ta lafa, waɗanda suka rage ba su wuce sahu ɗaya gajere ba. Akwai direban nan, wanda ya ce shi ya riga ya yi alwala kuma ba ya son ta tafi a banza. Akwai wasu mutum biyu ko uku da ban sani ba, ban kuma ƙara ganinsu ba. Dattijon Bafillacen ya tsaya kusa da ni. Ban tambaye shi komai ba, shi ya faɗa da kansa, a hankali, idonsa a kan makarar.

"Nawa ɗan ma yana can cikin daji. Ban san wa za ya ruhe shi ba."

Aka rasa mai shiga gaba. Kowa ya dubi kowa, sannan muka dubi uban, don shi ya fi kowa haƙƙi a kan gawar. Baba Magini ya yi shekaru yana bin sallar gawa a sahun baya da ƙasa a jikinsa, bai taɓa jan ko ɗaya ba. Ya tsaya a gaban ɗansa, ya ɗaga hannu ya yi kabbara, muka bi. Ya yi ta biyu, ya yi ta uku. A tsakani ana yi wa mamaci addu'a ne a ɓoye, ni kuwa abin da na iya cewa kawai shi ne, ya Allah ga bawanka nan, ka fi mu saninsa. Da aka zo ta huɗu sai shiru. Ina ganin kafaɗunsa suna rawa, bakinsa yana motsi, murya ta ƙi fita. Muka jira. Ba wanda ya yi gyaran murya, ba wanda ya motsa ƙafa. Can ta fito, a shaƙe, da ƙyar na kusa suka ji. Ni kuwa na maimaita ta da dukkan ƙarfina, yadda har na gindin bedi zai ji an cika. Da aka yi sallama na waiga, liman ya riga ya juya ya kama hanyar gida.

Mu muka saka shi, ni da Bafillacen muka shiga ramin muka karɓe shi. Uban ya jera itace ya liƙe da laka da hannunsa, irin aikin da ya saba, ba gaggawa. Aka tura ƙasa. Ba wanda ya tsaya yin dogon jawabi, direba ya koma motarsa, kowa ya kama gabansa. Magini ya kama hannuna da hannuwansa biyu masu laka.

Na sha jin masu cewa shari'a ce ta haifar mana da 'yan bindiga, na kuma sha jin masu cewa da an yi ta da gaske da an kashe su duka ba tambaya. Duka biyun ba su zauna a zauren limaminmu a ranar nan ba. Abin da na gani da idona shi ne ta hana liman ya girmama mai kisa, ta hana mu mu wulaƙanta gawarsa, kuma ba ta tambayi ko ɗayanmu yadda yake ji ba. Yaron da ya ɗauki bindiga ya shiga daji, da samarin da suka ce a jefa shi ga karnuka, kowannensu ya mai da kansa alƙali. A kan wannan ban taɓa yin kokwanto ba, ko da wasu suka zo suka kwashe yadinsu daga shagona a makon.

Abin da nake tsoro a ranar ba 'yan sa-kai ba ne. Innarmu ce. Na san labari ya riga ni isa gida, don a Kaura magana ba ta jiran mota. Na wanke ƙafafuna a bakin rijiya, na daɗe ina wankewa, sannan na shiga. Tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, faifai a cinya tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ɗago ba.

"An ce kai kaɗ ɗinka."

"Ni na, Inna."

"Kun yi mai wanka yadda a ka yi ma kowa?"

"An yi mai."

"Kun maida huskatai gabas?"

"Mun maida, Inna. Ni na shiga ramin."

Yatsunta suka ci gaba da juya waken. Na shirya jin duk abin da zai fito daga bakinta, har da wanda ɗa ba ya son ya ji daga uwarsa. Sannan ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe.

"Madalla. Ni ban yahe ba, kuma ba ni yahewa. In shi yak kashe ɗana, ina son a tashe shi inda za a tashe ni, a tsai da mu wuri guda, in ji da kunnena abin da za ya ce."

Ta mai da kanta kan faifan ta ci gaba da tsintar wakenta.